Farin Ɓawon Cikin Buta Ba Guba Ba Ne

Matan gida da masu shayi sukan yi tambaya a kan farin abin nan da ke mannewa a cikin butar dafa ruwa. Wasu sun ce datti ne. Wasu sun ce shi ke kawo tsakuwar ƙoda. Har akwai masu barin dafa ruwan sha don tsoronsa. To, ga bayani.

Daga ina yake fitowa?

Daga cikin ruwan yake fitowa. Ruwan rijiya da na burtsatse yana ratsa duwatsu a ƙarƙashin ƙasa. A nan yake kwaso wasu sinadarai biyu, kalsiyam da maganiziyam. Ido ba ya ganinsu, don sun narke kamar gishiri a miya. Idan ruwa ya tafasa, sai su rabu da shi, su manne a jikin buta.

Sinadarin da ke cikin wannan ɓawo shi ne a cikin ɓawon ƙwai. Shi ne kuma a cikin dutsen da ake haƙa a Kalambaina, kusa da Sakkwato, ana yin siminti da shi. Idan sabulu ba ya kumfa sosai da ruwan rijiyarku, alama ce sinadaran suna da yawa a ciki. Ruwan sama ba ya barin irin wannan ɓawo.

Yana cutar da mutum?

A'a. Hukumar Lafiya ta Duniya ta duba irin wannan ruwa, ba ta sami hujjar cewa shansa yana cutarwa ba. Hasali ma jiki yana bukatar kalsiyam don ƙarfin ƙashi da haƙora. Game da tsakuwar ƙoda kuwa, likitoci sun fi jan kunne a kan ƙarancin shan ruwa, musamman da bazara.

Ɓarnar ɓawon a aljihu take. Idan ya yi kauri, yakan tare zafin wuta. Ruwa ya daɗe bai tafasa ba, itace ko gawayi ya ƙare da wuri.

Yadda ake cire shi

1. A zuba ruwa rabin buta, a matse lemun tsami 3 ko 4 a ciki. Ruwan tsamiya ma yana yi.
2. A tafasa, a sauke, a bar shi kamar awa ɗaya.
3. A zubar, a goge da soso, a ɗauraye sosai.

Kada a kankare da wuƙa, buta za ta iya hujewa. Kada kuma a kuskura a zuba ruwan batir, wannan shi ne guba.

Jama'a, abin tsoro shi ne ruwan da ba a dafa ba. Shi ke kawo kwalara da taifot da gudawar yara. A ci gaba da tafasa ruwan sha. In an ga farin gari a ciki, a bari ya kwanta, a tace da tsabtataccen ƙyalle, a sha.