Kada a watsa wa tana gishiri

Tsadar kayan miya ta sa gidaje da yawa a Kaduna, daga Kawo zuwa Malali da Unguwar Rimi, sun koma cika buhu da tsohon bokiti da ƙasa, ana shuka alayyafo, tumatir da na'a-na'a a tsakar gida. Da damina ta kankama, sai wata safiya uwargida ta tona gindin shuka ta ga tana na mutsu-mutsu. Abin da aka saba shi ne a watsa mata gishiri, ko a jefa wa kaji. Wannan na ba ni takaici, domin mai taimako ake kashewa.

Tana ba ta cin saiwa mai rai. Ruɓaɓɓen ganye take haɗiya tare da ƙasa, ta fitar da shi baƙi, mai laushi, wanda saiwa ke samun abinci a cikinsa cikin sauƙi. Ramukan da take haƙawa su ne hanyar iska da ruwa, kuma jar ƙasar Kaduna, wadda ke daskarewa kamar bulo idan ta bushe, na matuƙar buƙatar wannan. Charles Darwin na Ingila ya ajiye tana a tukwane cikin ɗakin karatunsa, har ya wallafa littafi sukutum a kanta a 1881. Ya gano ba ta jin sauti, amma da ya ɗora tukunyar kan fiyano aka kaɗa, girgizar ta sa ta shige rami. Akwai ma wata irin tana, Eudrilus eugeniae, wadda asalinta Afirka ta Yamma ne, ana kiwonta a Indiya da Amurka don yin taki.

Sai dai tukunya ba gona ba ce. Da fatarta tana ke numfashi, kuma dole fatar ta zauna da danshi. A gona, idan hunturu ya shigo, takan nutse can ƙasa ta naɗe jikinta har ruwa ya dawo. A bokiti ina za ta je? Baƙin bokitin roba da aka bari a rana cikin watan Maris kan yi zafin da zai kashe ta kafin la'asar, ita da ta fi jin daɗi tsakanin digiri 25 zuwa 30. Tukunyar ƙasa ta fi, saboda dalilin da ya sa ruwan randa ke sanyi. A ajiye ta a inuwa, a huda gindinta, domin a watan Agusta ruwan da ya kwanta shi ma kisa yake. A damƙi ƙasar: ta dunƙule a hannu, amma kada ruwa ya tsiyayo.

Abincin tana na cikin abin da muke zubarwa kullum: ɓawon ayaba da na kankana, ganyen kabeji, ganyen shayin da aka gama dafawa, busasshen ganyen mangwaro, kashin shanu da ya daɗe ya huce. A yayyanka ƙanana, a binne kaɗan a gefe, a rufe da ganye, kada a ƙara sai na farko ya ɓace. Yawan abinci kan yi tsami ya jawo ƙuda da tururuwa. Sauran miya mai gishiri da mai, ruwan wanki, ɗanyen kashin kaji da takin zamani da aka zuba da yawa duk cutar da ita suke yi.

A ganina ƙaramar tukunyar fure ba wurin kiwon tana ba ce. Abinci zai ƙare mata. Gara a ware babban baho ɗaya, a rufe shi da jiƙaƙƙen buhun algarara saboda kaji da ƙadangaru. Bayan wata biyu ko uku sai a riƙa ɗibar baƙar ƙasar saman, cikin hannu ɗaya ga kowace shuka.