Idan Kunne Ɗaya Ya Yi Shiru

A babban titin Gaya ta Nijar, wanda ya miƙe zuwa gadar Malanbil, ɗan kabu-kabu da kunne yake tuƙi kamar yadda yake yi da ido. Babbar mota ta danna oda, kafin ya waiwaya ya riga ya san ta ina ta fito. Kunnuwa biyu ne ke yin wannan aikin: ƙara na isa kunnen da ya fi kusa kafin ɗaya, ƙwaƙwalwa kuma ta auna ɗan bambancin ta gano wajen. Wanda kunnensa ɗaya ya mutu yana jin odar sarai, amma bai san ko dama zai kauce ko hagu ba.

A gida ana ce masa, "Ai ka gode Allah, kana da ɗaya." Gaskiya ne. Sai dai a hayaniyar kasuwa magana cakuɗewa take yi masa, wanda ya zauna ta ɓangaren kunnen da ya mutu kuwa sai ya yi ta maimaita zance har ya ɗauka girman kai ne. Yaro a aji, malam ya ce ba ya mai da hankali.

Ba kowane rashin ji ne iri ɗaya ba, kuma a nan maganar magani take farawa. Akwai na toshewa: dauɗar kunne ta cunkushe, ko ruwa ya taru a bayan dodon kunne, ko dodon ya huje saboda mugunyar da ta daɗe tana zuba, abin da ba baƙo ba ne ga yaran da ke wanka a kogin Kwara. Wannan yana da sauƙi. Wanki, magani, wani lokaci tiyatar faci, ji ya dawo ko ya ƙaru. Akwai kuma na can ciki, inda katantanwar kunne ko jijiyar ji ta lalace. Hangum na yin haka, galibi a kunne ɗaya. Sanƙarau ma haka, kuma yankin Doso na cikin inda annobar 2015 ta taɓa. Zazzaɓin Lassa, wanda ake samu a Najeriya da Binin, yana barin wasu da suka warke da kurumta. Sai faɗuwa daga babur da ke fasa ƙashin gefen kai.

Ma'aikacin lafiya na iya rarrabe su cikin minti guda da ɗan ƙarfe mai rawa da yake ɗorawa a goshi. In ƙarar ta fi ƙarfi a kunnen da ke ciwo, toshewa ce. In ta gudu zuwa mai lafiya, matsalar ta ciki ce.

Wanda ya kwanta lafiya ya tashi kunne ɗaya ya ɗauke, sau da yawa da shuuu a ciki ko jiri, shi ne ya fi kowa buƙatar gaggawa. Likitoci na ba da maganin rage kumburi na jinsin kotizon, wanda ya fi amfani cikin makonni biyu na farko. Abin takaici, waɗannan makonnin ne ake ƙarar da su wajen ɗiga mai, sosa da gashin kaza da jiran ya wuce da kansa. Wanda nasa ke raguwa sannu a hankali a gefe ɗaya kuwa yana buƙatar hoton MRI, don a tabbatar ba ƙari ne ke danne jijiyar ba.

In jin ya tafi ba dawowa, hanyoyi uku ne. Ta farko, na'urar CROS, wadda aka ƙirƙiro a Amurka a 1965, tana ɗauko magana daga kunnen da ya mutu ta aika wa mai lafiya, ba tiyata. Ta biyu tana bi ta ƙashin kai. An fara dasa irinta a Gotenbag ta ƙasar Suwidin a 1977, yara kuma ana ɗaura musu ita da maɗauri. Dukansu biyu ba sa tayar da mataccen kunne, don haka gane wajen da ƙara ta fito ba ya dawowa.

Ta uku kaɗai ke yin hakan, wato dashen na'ura cikin katantanwar kunne, mai taɓa jijiyar da lantarki. A 2019 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi ga masu kunne ɗaya. Sharuɗɗan da ta sa: shekara 5 zuwa sama, kunnen ya mutu ƙwarai, ɗayan na ji daidai ko kusan haka, kurumtar kuma ba ta wuce shekara 10 ba. Dole jijiyar ta kasance da rai. Bayan sanƙarau katantanwar na iya cikewa da ƙashi cikin 'yan watanni, ta yadda wayar ba za ta shiga ba, shi ya sa ya kamata a gwada jin duk yaron da ya tashi daga cutar tun kafin a gama barka. Kuɗin dashen miliyoyi ne, ga horon saurare na watanni. Ga yawancin iyalan Gaya wannan ya yi nisa, ba amfanin ɓoyewa.

Abin da ke kusa shi ne asibitin gundumar Gaya, daga nan Doso, sai Yamai mai nisan kusan kilomita 300, inda ƙwararrun kunne, hanci da maƙogwaro suke. Ta gefen Kamba, a Najeriya, akwai asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna.

Kafin nan, a zaunar da yaro mai kunne ɗaya a gaban aji, kunnensa mai lafiya na fuskantar malam. A kiyaye kunnen da ya rage daga ƙarar injin niƙa, tsinken ashana, da allurar jentamisin ko kwinin da likita bai rubuta ba. Duk wanda ya wayi gari kunne ɗaya ya ɗauke, a kai shi asibiti a ranar.