Gangar Sanyaya Man Inji: Aikinta da Kiyaye Ta

Zuwa ga Hakimai da Malamansu na ƙasashen Madobi da Kura da Bunkure.

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, noman rani ya kafu a wannan yanki. Inda kuwa ruwa bai kai gona da kansa ba, sai da inji. Waɗansu manyan injunan ban-ruwa suna da wata ganga mai sanyaya baƙin mai, wadda ya kamata shugabanni su san aikinta, gama mutuwar inji a tsakiyar rani hasarar alkama ce da tumatir.

Ga yadda take. Ganga ce ta ƙarfe, an jera siraran bututai masu yawa a cikinta, galibi na jan ƙarfe. Ruwan sanyi yana bi ta cikin bututan, mai kuma mai zafi yana zagaya bayansu a cikin gangar. Akwai shamaki da ke karkata man dama da hagu, don ya shafi kowane bututu. Ruwa da mai ba su gauraya. Zafi kaɗai ke ratsa ƙarfen, kamar yadda kwanon koko ke hucewa in an sa shi cikin ruwa.

Babban abokin gābarta shi ne dauɗa. Inda ake jawo ruwan sanyayawa daga kogi ko magudana, yakan zo da laka da yashi da gansakuka. In suka kwanta cikin bututu, zafi ba ya wucewa, mai ya tsinke, inji ya ci kansa.

Saboda haka a umurci masu injuna da waɗannan:

1. A sa rariya a bakin mashigar ruwa, a riƙa wanke ta.
2. Kafin aikin rani, bakanike ya kwance murfi, ya zura burushi cikin kowane bututu. Kada a yi da tsinken ƙarfe, yana huda shi.
3. A duba mai kowace safiya. In ya yi fari kamar nono, ko aka ga mai yana yawo a kan ruwan da ke fita, wataƙila bututu ya fashe. A kashe inji nan take.
4. Kada a kwance komai sai inji ya huce.

Malamin Hakimi ya rubuta ranar kowace wankewa a littafi. Rigakafi ya fi magani.