Abin Da Ke Riƙe Aksul Na Bayan Mota

Kowa ya san aikin sifirin a mota, watau ya shanye gargada don kada fasinja su jigata. Amma me ke hana ƙafafun baya gocewa sa'ad da mota ta sha kwana? A motoci da yawa ƙafafun nan biyu a jikin ƙarfe guda su ke, wanda makanikai ke kira aksul. Tilas a bar aksul ya yi sama ya yi ƙasa, amma kada ya matsa gaba ko baya, kada kuma ya goce dama ko hagun. In ya goce, bayan mota ya riƙa rawa ke nan, ta ƙwace wa direba. Bari mu gwada dabaru uku da maƙera motoci su ka yi.

Ta fari ita ce sifirin mai falle-falle, irin na lori da Land Rover na farko. Shi ke ɗaukar kaya, shi ne kuma ke riƙe aksul. Ga araha, ga sauƙin gyara. Aibinsa shi ne, in an yi shi da taushi ba ya riƙo sosai, in kuwa an yi shi da tauri fasinja su sha jijjiga.

Sifirin mai murɗe ya fi taushi, amma ba ya riƙe kome ta gefe. Saboda haka sai a sa wa aksul hannuwa masu hana shi gaba da baya, a kuma gitta sanda guda, kai ɗaya a jikin mota, ɗayan a jikin aksul. Ana kiranta sandar Panhard, da sunan kamfanin Faransa da ya ƙago ta. Ita ke bayan Peugeot 404 salun, wadda ta fito a 1960.

To, a nan ne lissafi ya shigo. Kan sandar da ke jikin aksul ba ya tafiya miƙe. Gefen da'ira ya ke bi, kamar bakin kamfas. Don haka duk sa'ad da aksul ya hau, sai sandar ta ɗan ja shi gefe. A ce tsawonta inci 36 ne, tana kwance daidai. In aksul ya hau inci 3, zai goce kashi ɗaya cikin takwas na inci. In ya hau inci 6, gocewar ta kai rabin inci, watau ninki huɗu. In kuwa an rage sandar ta koma inci 18, gocewar hawan inci 3 ta zama kwata. Shi ya sa a ke yin ta da tsawo gwargwadon faɗin mota.

Dabara ta uku ta girmi mota kanta. James Watt ne ya ƙago ta a 1784 domin injinsa na tururi. Ana kafa ɗan gajeren ƙarfe a tsaye a tsakiyar aksul, yana juyawa a kan cibiyarsa. Sanda ɗaya ta tashi daga samansa zuwa gefe ɗaya na mota, wata mai tsawo daidai da ita ta tashi daga ƙasansa zuwa ɗaya gefen. In aksul ya hau, wannan ta ja dama, waccan ta ja hagun, ɗan ƙarfen ya karkata ya shanye bambancin, cibiyar kuwa ta tafi kusan miƙe. An sa ta a Rover SD1 ta 1976, da Ford Crown Victoria daga 1998. Sai dai gaɓoɓinta biyar ne, na Panhard biyu, kowace gaɓa kuwa lalacewa ta ke yi. Ga tsada, ga cin wuri.

Ashe dai ba wadda ta fi a kowane hali. Mai kaya ya fi son ta fari, mai neman taushi da araha ta biyu, mai son mota ta bi kwana sak ta uku.

Ɗalibi mai shirin koyar da da'ira, ga darasi a hannu. Yanka kwali siriri-siriri, ka haɗa da ƙusoshi a jikin katako, ka sa fensir inda aksul zai zauna. Bari yara su motsa shi da kansu, su ga layin Panhard ya tanƙwara, na Watt ya miƙe, sa'an nan ka tambaye su dalili.