Katin asiransi a aljihu, magani ya gagara: ina mafita?

A Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai akwai ma'aikata da ƴan kasuwa waɗanda suka yi shekaru suna biyan kuɗin asiransin lafiya ba fashi, suna zaton sun rufe ƙofar wahala. Sai ranar da lokotoro ya rubuta masu maganin ciwon daji, ko na ciwon hanta, ko allurar mai ciwon sukari, sannan su gane katin nan yana da iyaka. Wani ya saida fili, wani ya raba ƙwaya biyu don ta kai ƙarshen wata, wani ya bar maganin ɗungum. Alhali kuwa akwai hanyoyin samun sauƙi, sai dai ba kowa aka gaya ma su ba.

Inda asiransi take tsayawa

Galibin kamfanoni ba su biyan kuɗin magani dukansa. Sukan ɗauki wani kaso, sau da yawa kashi 80 cikin 100, su bar ma majinyaci sauran. Akwai kuma adadin da ba su wucewa a shekara, akwai cututtukan da aka fidda daga yarjejeniya, musamman waɗanda mutum ya shigo da su, akwai magungunan da sai an nemi amincewar kamfani kafin a saya.

A ɗauki misalin maganin jikka 150 a wata. Kamfani zai biya jikka 120, majinyaci jikka 30. In iyakar shekara miliyan ɗaya ce, cikin wata na tara za ta cika, daga nan nauyin duka ya dawo kan mai gida. A ƙasar da mafi ƙanƙantar albashi bisa doka yake jikka 42 tun 2024, wannan lissafi ya isa ya karya gida.

Dokar CIMA, wadda Nijar take bi tare da wasu ƙasashen Afirka tun 1995, ta ƙara tsauri a 2011: muddin ba a biya kuɗin asiransi ba, yarjejeniya ba ta aiki. Ɗan kasuwar da ya yi jinkirin sabuntawa yana iya tarar da katinsa a mace a gaban mai farmasi.

Ƙofa ta farko: jenerik

Da aka karya darajar sefa a watan Janairu na 1994, kuɗin magungunan da ake shigowa da su ya yi tashin gwauron zabo, ƙasashen yankin suka maida hankali kan maganin jenerik, wato wanda ake saidawa da sunansa na asali ba da sunan kamfani ba. Sinadarin ɗaya ne: abin da ke cikin Glucophage na masu ciwon sukari shi ne metformin, kamar yadda Doliprane yake parasetamol. Hukumar ONPPC, da aka kafa a 1962, ita ce ke samar da irin wannan magani ga asibitocin gwamnati da farmasinta na cikin garuruwa. Majinyaci yana da damar roƙon lokotoro ya rubuta sunan asali in cutar ta yarda da haka. Ribar biyu ce: nasa kason ya ragu, iyakar shekara kuma ta daɗe ba ta cika ba.

Ƙofa ta biyu: abin da gwamnati ta ɗauke

Samun asiransi ba ya hana ɗan ƙasa haƙƙinsa. A 2005 aka maida tiyatar haihuwa kyauta, a 2006 kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 da awon ciki, a 2007 ciwon dajin nono da na mahaifa. Maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, haka ma na sida. A watan Agusta na 2024 aka yanke shawarar rage rabin kuɗin ganin lokotoro, gwaje-gwaje da kwanciya a asibitocin gwamnati, aka kuma soke jikka 150 da mai wankin ƙoda yake biya kafin a fara masa. Gaskiya ne jinkirin gwamnati wajen biyan asibitoci ya sha jawo yankewar magani, amma wanda bai tambaya ba ya yi asara tun kafin ya fara.

Ƙofa ta uku: masu ƙera maganin

Wasu manyan kamfanoni suna ba da maganinsu kyauta ko da rangwame a ƙasashe matalauta. Sanannen misali shi ne Glivec na kamfanin Novartis, maganin wani nau'in ciwon dajin jini, wanda tun farkon shekarun 2000 ake rabawa ta hannun gidauniyar Max, har majinyata a Babban Asibitin Yamai suka amfana. Irin wannan taimako ta hannun lokotoro ake nemansa, kuma an tanade shi ne domin wanda ba ya da mai biya masa. Don haka mai asiransi ya nemi kamfaninsa ya rubuta masa takarda mai shaida cewa ba ya biyan maganin, ko iyakar shekara ta cika.

Ƙofa ta huɗu: wurin aiki da asibiti

Ma'aikacin gwamnati ya nemi takardar ɗaukar nauyi daga ma'aikatarsa kafin ya je asibiti, ya kuma binciki asusun taimakon juna na abokan aikinsa in akwai. Manyan asibitoci suna da biron taimakon jama'a, wanda ke duba halin wanda jinya ta talauta, tare da takardar shaidar rashin hali daga magajin gari.

Hanyar da ba ta ɓullewa ita ce ta maganin bisa kai da na bakin kasuwa. Lokacin annobar sanƙarau ta 1995, dubban ƴan Nijar aka yi ma rigakafin jabu. Mai ciwon daji ko hawan jini da ya sha jabu ya biya sau biyu: da kuɗinsa da lafiyarsa.

A nan ne aikin dillalin asiransi yake. Karɓar kuɗi da miƙa kati rabin aiki ne. Dillalin kirki shi ne mai karanta ma mutum yarjejeniya da harshen da yake ji, ya shirya masa takardun neman amincewa, ya sanar da shi tun iyakar shekara ba ta cika ba, ya nuna masa ƙofar da zai buga bayan ta cika. Shi kuma mai saye, kafin ya sa hannu, ya tambayi abu uku: kashi nawa ake biya, ina iyakar take, wace cuta aka fidda. Wanda ya san amsar tun yana da lafiya ba zai yi ciniki da ransa a bakin kantin magani ba.