Kafin Giyar Tsohuwar Tarakta Ta Cije a Tsakiyar Gona

Duk mai tsohuwar tarakta kunnensa na kan inji. In hayaƙi ya yi baƙi zai gani, in ta ƙi tashi da safe zai sani, baƙin mai kuwa ba ya bari ya wuce lokacinsa. Giya ce marainiya. Tana can ƙarƙashin ƙafafun direba, ba ta hayaƙi, ba ta tari, sai a yi shekara da shekaru ba wanda ya leƙa ta. Ranar da za a tuna da ita, ruwa ya riga ya sauka, masu gonaki sun biya kuɗin haro suna jira, ita kuma ta cije.

Mu ɗauki ƙaramar Massey Ferguson 135, wadda aka ƙera tsakanin 1964 da 1975, har yau kuma ita da ƙannenta suna nan suna huɗa. A wannan tarakta giya da aksul na baya da famfon haidirolik mai ɗaga garma duk mai ɗaya suke sha, wajen lita 30. Saboda haka duk abin da ya ɓata man nan, wurare uku ya taɓa a lokaci guda.

Babban mai ɓata shi ruwa ne, kuma ƙofar da yake bi ba ta kai ta kawo ba. Dubi gindin sandar giya, akwai wata 'yar roba da ta rufe wurin. Rana da hunturu suna busar da ita ta tsage, tarakta kuma ta kwana a fili duk damina, ruwan sama ya bi jikin sandar ya gangara ciki, ɗigo bayan ɗigo. Ƙara da wanki a bakin rafi, da aikin shinkafa a fadama inda taya ke nutsewa har aksul. Ruwa ya fi mai nauyi, don haka ƙasa yake kwanciya, daidai inda famfon haidirolik yake zuƙa. In an tayar da inji ya gauraya, man ya koma kalar shayi mai madara. Daga nan boris ya fara tsatsa, garma ta riƙa tashi da kyarma, a ɗora wa famfo laifi, a sayo sabo a saka shi cikin wannan ruwan dai.

Gwajin ba ya cin ko sisi. Ka bar tarakta ta kwana a wuri mai daidai, da safe kafin a tayar da ita ka ɗan sassauta notin juye mai na ƙasa, ba ka cire shi duka ba. In akwai ruwa, shi zai fara fitowa kafin mai. In kuwa juyewa za a yi gaba ɗaya, a yi bayan ta yi aiki man na da ɗumi, a kuma tuna notin juyewar ya fi ɗaya. Wanda ya buɗe guda ya bar sauran, rabin dattin ya bari a ciki. Wasu notocin suna da maganaɗisu a baki. Baƙin gari mai laushi a jikinsa ba abin tashin hankali ba ne, cin yau da gobe ne. Ɓarɓashin ƙarfe da za ka ji a yatsa, wannan haƙorin giya ne ko boris yake ruɓewa. In man na ƙyalli ruwan zinare, tagulla ce take narkewa a ciki.

Tagullar nan ita ta sa ba kowane man giya ne ya dace ba. Wanda aka rubuta GL-5 a jikin galan ɗinsa yana da sinadarin da kan ci tagulla in ya yi zafi, tsofaffin taraktoci kuwa suna da ita a ciki. A nemi wanda littafin taraktar ya faɗa, ko man tarakta da aka yi domin giya da haidirolik tare. Baƙin man da aka juye daga inji kuwa, wanda wasu ke tacewa da tsumma su zuba wai don tsimi, ba tsimi ba ne. Mai sayen tarakta ma ya buɗe ido: akwai masu cika giya da mai mai kauri don ya danne kuka har a gama ciniki.

Bayan ruwa sai hannun direba. Giyar irin waɗannan taraktoci ba ta mota ba ce da ake canzawa ana gudu. Sai a taka kuloci, a tsaya cak, sannan a sa. Duk ƙarar “ƙarrr” da ka ji, haƙori ne ya ragu. In an tsaya kuma ƙarar ba ta daina ba, a fara duba kuloci, wataƙila ba ya saki sosai, gyaran ɗan noti ne a jikin feda. Kunne ma yana rarrabewa: kukan da ke tashi sai an taka kuloci, boris ɗin kuloci ne; wanda kuma ake ji tana firi, ya ɗauke da zarar an taka, daga bakin giya yake. A ƙarƙashin gidan kuloci akwai ɗan rami da wata 'yar kusa ke lilo a ciki don kada laka ta toshe shi. In baƙin mai ke ɗiga daga nan, inji ne ke yoyo; in mai haske ne, giya ce.

Wata rana sandar kan cije, ko ta yi ta yawo ba ta kama komai. Sau da yawa bakinta ne ya cinye ya zame daga mazauninsa. Bakaniken da ya san Ferguson zai kashe inji, ya buɗe murfin zuba mai da ke kusa da sandar, ya sa dogon sukudireba ya mayar da ƙarafan layi. Wanda bai sani ba zai ce sai an raba tarakta biyu. Giya mai fita da kanta kuma, ba a ɗaure sandarta da robar taya; ana yi, na sani, amma cokalin da ke riƙe da giyar ne ake ƙarasa cinyewa.

Akwai inda maganar ta wuce asarar kuɗi. An yi 135 ta yadda ba za ta tashi ba sai ƙaramar sandar giya tana kan harafin S, wato firi. In makunnin da ke tabbatar da hakan ya lalace, sai ka ga yaro tsaye a ƙasa gaban tayar baya yana haɗa kik da sukudireba. In a giya aka bar ta, kansa za ta fara bi. Haka masu sa ta a firi a gangara da tirela cike da buhuna don rage shan gas: birkinta a tayoyin baya kaɗai yake, in gudu ya yi yawa kuma giyar ba za ta sake shiga ba. In har ya zama dole a raba tarakta, a yi a kan daɓen siminti, a tokare kowane ɓangare da katako mai ƙwari, a cusa katako tsakanin aksul na gaba da jikin inji don kada ya kife gefe. Bulon siminti yana fashewa ba tare da ya yi gargaɗi ba, kada a ɗora ta a kai.