Abin da ke binne ƙarƙashin birnin Kano: yadda ƙasa ke adana tarihin mutanen Dala

Tun kafin zuwan Bagauda, wanda littafin Tarihin Kano ya ce ya hau mulki a shekarar 999, akwai jama'a zaune a gindin Dutsen Dala. Gwajin kimiyya da aka yi wa ragowar wani murhun narkar da tama a Kano ya nuna an yi aiki da shi a ƙarni na 7.

Wannan sakamako ya dace da abin da aka gada a baka, cewa Abagayawa, maƙera daga Gaya, sun zo yankin ne neman tama. Sai dai mazaunin mutanen farko a yau yana ƙarƙashin gidaje da lungunan tsohon birni.

Garin da aka gina da ƙasa yakan hau kan kansa. Idan soro ya rushe, akan baje shi a ɗora sabo, toka da shara su taru, ƙasa ta riƙa tashi sannu a hankali. Don haka masu binciken kufai ke haƙa mataki-mataki, domin abin da ke ƙasa ya girmi na sama. Tsingaro kan nuna salon tukwanen zamanin, kashin maƙera ya nuna sana'a, gawayi kuma a auna sinadarin kabon da ke cikinsa a gano shekarunsa.

Irin wannan ya faru a Finiks, babban birnin jihar Arizona ta Amurka, wanda ke zaune a kan kufan al'ummar Hohokam. Sun haƙa magudanan ban-ruwa masu tsawon ɗaruruwan kilomita, kafin garuruwansu su watse wajen shekarar 1450. A can, sau da yawa masana kan binciki fili kafin a fara babban gini.

A Kano kuwa, ɗibar ƙasa da gine-gine sun cinye sassa da dama na ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara ginawa, duk da cewa Nijeriya ta sanya ta, tare da Dala, cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su tun 2007. Duk ramin da aka haƙa ba tare da masani ba yana hargitsa matakan ƙasar, kuma ba su gyaruwa.

Matsalar ta shafi garuruwa masu saurin bunƙasa kamar Lafiya, wadda ta zama hedikwatar jihar Nasarawa a 1996. A Wamba da ke jihar an taɓa tsintar mutum-mutumin yumɓu na al'adar Nok.

Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta haramta haƙar kufai ba da izini ba, ta kuma wajabta wa duk wanda ya ci karo da kayan tarihi ya sanar da hukumar.